Ƙwallonka na Kaucewa Dama? Fara da Gyara Riƙo

Yawancin masu zuwa wurina koyon wasan golf kukansu ɗaya ne. Da sun yi bugun farko da sandar direba, sai ƙwallo ta tashi kamar za ta miƙe, can a sama ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin ciyawa ko bishiyoyi. Ita ce silais. Bahago kuwa hagu take kauce masa, sai ya juya bayanina.

Musabbabinta shi ne, a daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo, fuskarta na kallon dama da hanyar da sandar ke bi. Sai ƙwallo ta tashi da juyi a karkace, juyin ya ja ta gefe. Direba ta fi kowace sanda tona wannan, domin ita ce mafi tsawo, kuma kwanciyar fuskarta kaɗan ce, galibi digiri 9 zuwa 12.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da mutane ke yi wa kansu: su karkata jiki hagu. Hakan na ƙara sa sanda ta saro ƙwallo daga waje zuwa ciki, lanƙwasar ta ƙaru.

Ka fara da riƙo. Juya hannun hagu a kan sanda har ka ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku idan ka duba ƙasa. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗar dama. Ka sassauta damƙa, don hannun da ya sandare ba ya barin fuskar sanda ta rufe.

Sai tsayuwa: ƙwallo ta zauna daidai da cikin diddigen hagu, rabinta ya ɗara kan sanda tsawo. Kafaɗu su bi layin da kake nufi.

A filin atisaye, ajiye rigar kan sanda ɗan waje da ƙwallo, baya kaɗan. In ka bugi rigar, daga waje ka sauko. Ka kuma shafa hoda a fuskar sanda, ka ga inda ƙwallo ke taɓawa. Bugu ta wajen gindin sanda na ƙara silais.

Yi wannan da rabin ƙarfi har hannu ya saba. Don Allah, kada ka kashe kuɗi a sabuwar sanda kafin mai horarwa ya duba riƙonka.