Darasi Kan Diyyar Ma'aikaci: Abin Da Ya Hau Kan Maigida

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan diyyar yaran shago ne. Buhu kan faɗo wa yaro a sito, injin niƙa kan cinye yatsa. To, wa zai biya?

A Nijeriya akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ke riƙe da asusunta. Ga ƙa'idodin.

Na ɗaya, wane ne ma'aikaci? Duk wanda ka ɗauka aiki, da takarda ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, har da ɗan koyo da ɗan aikin gida wanda ba iyalinka ba ne. Ƙanƙantar rumfa ba ta fid da kai. Mai aikin kansa shi kaɗai ba shi da albashin da zai fitar wa kaso, amma ran da ya ɗauki yaro ya zama maigida a idon doka.

Na biyu, maigida kan zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata. Misali yara uku, kowanne naira 60,000, jimla 180,000, abin zubawa 1,800. Daga aljihunka ne fa, doka ta hana a yanka daga albashin yaro.

Na uku, in tsautsayi ya auku, yaro ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7. Mutuwa kuwa nan take ake sanarwa. Neman diyya cikin shekara ɗaya ne.

Na huɗu, ba raunin cikin shago kaɗai ba, har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Wanda ya nakasa ɗungurungum ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Haka matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye.

Na biyar, ko yaro ya yarda da bakinsa ya yafe diyyarsa tun ranar ɗaukarsa aiki, wannan sharaɗi bai ƙullu ba.

Shawararmu, kowa ya buɗe littafin albashi, ya rubuta suna da kuɗi da kwanan wata, ya adana rasiɗin zubinsa. Tun ran gini ran zane.