Yadda Ake Ƙara wa Motar Gudu Ƙarfi da Sanin Makomar Garanti

Injin motar zamani ba ya motsi sai da umarnin kwamfutar da ke cikinta, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ke yanke yawan fetur da za a fesa, da lokacin da filogi zai ba da wuta, da yawan iskar da tobo zai cusa wa injin. Kamfanin da ya ƙera motar yakan bar rara a wannan lissafi, domin injin ya jure zafin rana, da fetur marar kyau, da direban da ke jinkirin juyen mai. Wannan rarar ce masu tiyunin, wato masu sauya wannan lissafi, ke cinyewa don su fito da ƙarin ƙarfi. Da ita kuma kamfani ya dogara lokacin da ya yi alkawarin gyara kyauta. Saboda haka duk mai Mustang ko Golf GTI ko BMW da ke son ƙarin gudu ya kamata ya bi abin daki-daki.

Mataki na farko: karanta takardar garanti

Garanti kashi-kashi ne. A Amurka, sabuwar Ford Mustang tana zuwa da garantin mota gaba ɗaya na shekara 3 ko mil 36,000, da wani daban na injin da giyabos na shekara 5 ko mil 60,000. Audi tana ba da shekara 4 ko mil 50,000. Ka duba nawa ya rage maka, sannan ka nemo shafin da ya jera abubuwan da kamfani ba ya biya. A nan za ka tarar da lalacewar da ta biyo bayan sauya kayan mota, da tsere, da ganganci. Masu Nissan GT-R na farko a Amurka sun ɗanɗana wannan a wajajen 2009. Wasu sun riƙa kashe na'urar hana santsi domin motar ta fizga da ƙarfi daga tsaye, giyabos ya fashe, kamfani kuma ya nuna musu inda littafin motar ya yi gargaɗi a kan hakan.

Mataki na biyu: san abin da doka ta ba ka

A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975. A ƙarƙashinta, dila ba shi da ikon soke garantinka ɗungurungum don kawai ka saka kayan wani kamfani. Sai an nuna cewa abin da ka canza ne ya jawo lalacewar. Idan ka yi tiyunin sannan gilashin ƙofa ya daina hawa, ko rediyo ya mutu, gyaran yana wuyan kamfani. Amma idan fistin ya tsage ko tobo ya ƙone, hujjar kamfani a fili take, domin ka tilasta wa injin aikin da ba a auna shi da shi ba. Dokar tana kare abin da ba ka taɓa ba ne, tiyunin kuwa yana taɓa ɓangaren da ya fi kowanne tsada.

Mataki na uku: zaɓi zurfin aikin

Masu sana'ar sun kasa aikin hawa-hawa. A hawa na ɗaya, lissafin kwamfuta kawai ake sauyawa. Ana jona na'ura a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, a kwafe lissafin kamfani a ajiye, a ɗora sabo. Cikin ƙasa da awa guda an gama. A hawa na biyu ana haɗawa da ƙarfe: bututun salansa mai faɗi, hanyar shan iska, da babbar na'urar sanyaya iskar tobo. Duk hawan da aka ƙara, zafi da matsi na ƙaruwa a cikin silinda, kuloci da giyabos kuma na ɗaukar nauyin da ya wuce nasu. Wanda ya cire na'urar tace hayaƙi ya ƙara wa kansa wata rigima, domin dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta hakan a motar da ke hawa titi.

Mataki na huɗu: zaɓi wanda zai tsaya maka

Nan ne hukuncin yake. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce tiyunin da kamfanin motar ya amince da shi. Ford Performance na sayar da nasa na Mustang tare da garantin shekara 3 ko mil 36,000 daga ranar da aka fara sayen motar, muddin dila ko makanikin da ke da shaidar ƙwarewa ne ya ɗora shi. Na Polestar da ake ɗora wa Volvo a wurin dila ba ya taɓa garantin motar. Hanya ta biyu ita ce kamfani mai zaman kansa da ke ba da nasa garantin, kamar yadda Dinan ya yi suna a kan motocin BMW. A nan sai ka karanta iyakar abin da za su biya da wurin da za a yi gyaran. Hanya ta uku ita ce tiyunin da babu kowa a bayansa. Sau da yawa shi ya fi ba da ƙarfi, kuma idan injin ya buga, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Mataki na biyar: kada ka dogara da ɓoyewa

Da yawa suna cewa za su mayar da lissafin kamfani kafin su kai mota sabis. Birenbos yana ƙirga sau nawa aka sake rubuta shi, kuma yana ajiye bayanan matsin tobo da juyin injin. A motocin Volkswagen da Audi, da zarar dila ya jona motar da na'urarsa, bayanan na tafiya rumbun kamfani. Idan lissafin bai dace da na asali ba, sai a liƙa wa lambar motar alamar TD1, kowane dila kuma zai gan ta. Ƙaramin akwatin da ake jonawa a wayoyin injin a cire daga baya shi ma yana iya barin sawu a cikin waɗannan bayanai. Gara ka gaya wa dila gaskiya tun farko, ka kuma sanar da kamfanin inshora, domin a ƙasashe irin su Birtaniya ɓoye sauyin na iya sa a ƙi biyanka bayan haɗari.

Mataki na shida: ajiye shaida

Ka adana rasit na kowane juyen baƙin mai, da sunan tiyunin, da ranar da aka ɗora shi, da mil ɗin da mota ke kai a ranar. Idan dila ya ƙi gyara, ka ce ya rubuta maka dalili, da yadda sauyin ya haddasa wannan lalacewar takamaimai. Da wannan takardar ake ɗaukaka ƙorafi zuwa ofishin kamfani, ko a kai wa wani makaniki ya duba ya ba da nasa rahoton.

Abin ya shafe mu ta wata fuska. Yawancin motocin gudu da ke shigowa Najeriya da Nijar na hannu ne, garantinsu ya ƙare ko bai ƙetare teku ba. Wasunsu suna ɗauke da tiyunin da aka tsara wa fetur mai lamba 93 na Amurka, alhali gidajen manmu galibi nau'i ɗaya suke sayarwa, wanda bai kai wannan ba. Injin da aka matse wa lissafi, idan ya sha irin wannan fetur a zafin watan Afrilu, sai ya fara ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasar nan kuma ita ke cin fistin. Kafin ka biya kuɗin irin wannan mota, ka sa a jona ta da kwamfuta a tabbatar ko lissafinta na kamfani ne. Idan an taɓa, ka sa a mayar da na asali, ko ka rage farashi gwargwadon kuɗin injin da wataƙila za ka saya da aljihunka.