Duba Gindin Dutsen Guga Kafin Ka Biya

Mai karatu, idan ka shiga kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi sayen dutsen guga, fara juya shi ka shafa gindinsa da tafin hannu. Nan ne yake taɓa tufa. In ka ji kaushi ko ƙananan ramuka, ajiye shi. Gindi mai kaushi yana jan zare, kuma sitaci yana maƙalewa a cikin ramukan har ya ƙone.

Yawancin dutsen gawayi baƙin ƙarfe ne. Yana da nauyi, yana riƙe zafi, shi ya sa yake kwantar da yadin auduga sosai. Aibinsa tsatsa. Ƙarfe in ya haɗu da laima da iska sai ya yi ja, ga shi kuwa damina tana da ƙarfi a yankinmu, musamman a watan Agusta. Tabon tsatsa a farar riga ba ya fita da sabulu kawai.

Tagulla ta fi santsi, ba ta jan tsatsa, sai dai tsada. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ba ya yin ja, amma zif da maɓalli suna karce shi. Ga mai wutar lantarki, gindin silba ya fi daɗewa.

Wanda yake da na baƙin ƙarfe kada ya jefar. A zubar da toka bayan guga, a ajiye shi inda ba laima. In ya yi tsatsa, a goge da toka mai laushi, a shafa kyandir yana da ɗumi, sannan a gwada shi a kan tsumma kafin a ɗora wa riga.