Mai Gida Ya Ce In Tashi, Ɗansa Zai Yi Aure

Zuwa ga Barista: Ni malamin firamare ne, ina haya a Ƙofar Marusa, ciki da falo da ɗakin yara, shekara 6 ke nan. A shekarar farko mun yi takardar yarjejeniya ta shekara ɗaya. Tun da ta ƙare ba mu sake rubuta wata ba, sai dai in kai kuɗin shekara a ba ni rasit. Ban taɓa jinkirin biya ba. Saura wata guda kuɗina ya ƙare, sai ga dillali wai Alhaji mai gidan ya ce kada in kawo kuɗi, ɗansa zai yi aure, a nan amarya za ta tare. Da na je na roƙi lokaci, sai ya ce in ranar ta yi ban fita ba zai sa a kware kwanon. Ni na yi wa gidan siminti, na haƙa sokawe, na ɗora tankin ruwa. Uwargida tana da tsohon ciki. Yana da ikon fitar da ni haka? Kuɗin gyarana fa?

Malamin firamare, Ƙofar Marusa, Katsina

 Malam, Allah ya sauki uwargidanka lafiya.

Bari in fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Gida na Alhaji ne, kuma ba wanda zai tilasta masa sabunta haya, ko da ɗansa ba aure zai yi ba. Shekara 6 da kyakkyawan biya ba su ba ka haƙƙin zama dindindin. Abin da kake da shi haƙƙin lokaci ne, kuma ya fi wata gudan da aka yanka maka nesa ba kusa ba.

Da a ce takardar shekara ɗayan nan tana aiki har yanzu, da ranar da ta cika hayarka ta ƙare da kanta, ba sai an ba ka dogon notis ba. To amma ta ƙare tuntuni, ka ci gaba da biya shekara-shekara yana karɓa yana ba ka rasit. A idon doka ka zama ɗan haya na shekara-shekara. Ƙa'idar da aka sani a dokokin haya na Najeriya ita ce: mai biyan mako a ba shi mako, mai biyan wata a ba shi wata, mai biyan shekara a ba shi wata 6, kuma a rubuce. Saƙon baka da dillali ya kawo maka a zaure ba notis ba ne. Sai dai ka lalubo tsohuwar takardar ka karanta ta layi-layi, don in kun rubuta wani wa'adi dabam a ciki, ana iya ɗaure ka da shi.

Bayan wa'adin ya cika, sai ya sake ba ka notis na kwana 7 cewa zai kai ƙara. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu su zartar. Kware kwano, yanke wuta, sa kwaɗo a ƙofa, watso kaya a layi, duk ɗaukar doka a hannu ne, kana iya neman diyya a kansu. A 1986 gwamnatin soja ta Legas sukutum Kotun Ƙoli ta tsawata wa saboda ta fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu, balle mai gida a unguwa. In kuma aka ce za a haɗa ka da 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum don saɓanin yarjejeniya kawai.

Kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. A 2021, a shari'ar Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna ta gaji da 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis su shekara da shekaru a gidan mutane. Ta ce shigar da ƙarar ma ya isa sanarwa. Kuma duk kwanan da ka ƙara bayan kuɗinka ya ƙare sai ka biya shi. Don haka ware kuɗin ka ajiye, kada ka taɓa.

A ganina kotu ba ita ce ƙofar farko ba. Kai da Alhaji sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Ɗauki mai unguwa ko liman ku je, ka faɗa masa cikin ladabi cewa ka san wa'adinka wata 6 ne, ba ka nemi faɗa ba, so kake a sa ranar da kowa zai iya cikawa. In kun daidaita a kan wata 3 ko 4, bayan suna da wankan jego, a rubuta, ku sa hannu da shaidu biyu. Shi ma ya san shari'a za ta wuce ranar ɗaurin auren. Ka fara neman gida tun yau, don haya ta yi wuta a cikin birni, musamman tun da rashin tsaro ya kwararo mutanen Batsari, Jibiya da Safana. In ya ƙi sauraro ko ya turo kafinta, ɗauki hoto da wayarka, ka haɗa rasit ɗinka duka, ka nufi lauya ko ofishin hukumar Legal Aid da ke Katsina, mai taimakon marasa ƙarfi kyauta.

Batun gyara kuwa, a nan ƙafarka ba ta taka sosai ba. Tanki naka ne, kwance abinka ka tafi da shi. Siminti da sokawe sun bi gida, sai in kana da shaidar cewa ya yarda za a cire daga kuɗin haya. In babu, kawo maganar a zaman sulhun, ka nemi a yafe maka kuɗin watannin da za ka ƙara a madadinsu.