IDAN FITILAR BABUR TA MUTU

Mota idan fitilarta ɗaya ta mutu, da sauran ɗaya. Babur kuwa guda ɗaya tak gare shi. In ta mutu da dare, mahayi ba ya ganin rami, direban da ke tahowa kuma ba ya ganin mahayi. Saboda haka dokar hanya ta wajabta kunna fitila daga faɗuwar rana har wayewar gari, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da wanda ya saɓa.

Galibi abin da ke kashe fitila ƙarami ne. A bi matakan nan daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada, don kada a sayi abin da bai lalace ba.

1. A tayar da inji tukuna. Ƙananan babura da yawa fitilarsu daga kwayil ɗin inji take samun wuta, ba daga batir ba, don haka ba ta kamawa sai inji yana aiki.

2. A gwada dim da ful. Ƙwan fitila zare biyu gare shi, ɗaya na hasken kusa, ɗaya na nesa. In ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, yawanci zare guda ne ya ƙone.

3. A kashe inji, a zare makulli, a ciro ƙwan a duba. In zaren ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, sai a sake shi. A karanta lambar jikinsa a sayi irinsa daidai. Baburan yanzu volt 12 suke amfani da shi, wasu tsofaffi kuwa volt 6. In ƙwan halojin ne, a riƙe shi da tsumma mai tsabta, domin maiƙon yatsa yana rage masa kwana.

4. In ham da sigina su ma sun ɗauke, a duba fis da ke kusa da batir, da kuma batirin kansa. Fis ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba ɗaya da shi. Kada a kuskura a ɗaura masa waya ko takardar kwalin taba. Aikin fis shi ne ya ƙone domin wayoyi su tsira. Wanda ya hana shi ƙonewa ya gayyato gobara. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

5. A duba makunni da mahaɗan wayoyi. Ruwan damina yana kawo tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana toshe makunni. A kankare, a goge, a ɗaure tam, musamman wayar da ke manne da jikin ƙarfen babur, domin ta nan wuta take komawa. Sa'an nan a kunna fitila, a juya kan babur dama da hagu. In tana ƙiftawa, waya ce ta karye a wuyan babur.

6. In ƙwai yana yawan ƙonewa, musamman idan an ba da wuta sosai, laifin ba na ƙwai ba ne. Na'urar da ke daidaita ƙarfin lantarki, wadda makanikai ke kira rektifaya, ita ce abin zargi. Wannan aikin makanike ne. A babur mai volt 12, in inji yana gudu, awon kan batir ya kamata ya tsaya tsakanin volt 13.5 da 14.5.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A gwada fitila kullum tun da sauran rana, a kuma ajiye ƙwai ɗaya da fis ɗaya a cikin akwatin kayan gyara. In dare ya riski mutum gyara bai yiwu ba, kada ya dogara da tocila ko hasken motar da ke gabansa. Ya sauka ya tura baburinsa a gefen hanya, ko ya kwana inda yake. Gara iyali su yi jira zuwa safe da su karɓi gaisuwar ta'aziyya.