Idan Shugaba Ya Faɗi, Wa Ke Riƙe Ƙasa?

Jama'a, musamman ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, wannan takarda an rubuta ta ne don a fayyace abin da kan biyo baya idan shugaban ƙasa ya rasu yana kan karaga. Mu mutanen Kano ba labari aka ba mu ba, a gidanmu aka yi wannan makoki.

Ran Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, da safe, Janar Murtala Ramat Muhammad ya fito daga gidansa a Ikoyi zai tafi ofis a barikin Dodan. Ba jiniya, ba jerin motoci, ba sojojin rakiya, domin shi mutum ne da ya tsani fankama. Motarsa baƙar Marsandi ta tsaya cikin cunkoso, sai 'yan juyin mulki suka buɗe mata wuta. Nan take ya cika, tare da direbansa da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Motar tana nan a gidan tarihi na Legas, ramukan harsashi a jikinta kamar jiya aka yi. Shekarunsa 37, mulkinsa kuwa kwana 200 ne ko kusa da haka. Aka kawo gawarsa Kano aka yi masa sutura, kabarinsa na nan a unguwar Hausawa, wajen masallacin da ake kira da sunansa.

Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, jagoran 'yan juyin mulkin, ya shiga gidan rediyo ya yi shelar cewa gwamnati ta faɗi. Saboda ruɗewa har dokar hana fita ya sa daga safe zuwa yamma, maimakon daga yamma zuwa safe. Kafin rana ta faɗi sojojin gwamnati sun ƙwace gidan rediyon, shi kuma ya sulale. An kama shi cikin watan Maris, aka harbe shi ran 15 ga Mayu.

To, abin lura ba kisan ba ne kawai. A wannan rana babu wata doka rubutacciya da ta ce ga wanda zai gaji Murtala. Tsarin mulki a dakace yake, ikon ƙasa duka yana hannun Majalisar Ƙoli ta Soja. Manyan hafsoshi ne suka zauna suka daidaita a kan Janar Olusegun Obasanjo, wanda shi ne na biyu. Da yake wanda aka kashe Musulmi ne ɗan Arewa, kuma zukata sun yi zafi ƙwarai a Kano da sauran garuruwa, sai aka ɗauko Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina mai shekara 32, aka ɗaga shi daga laftanar kanar zuwa birgediya, aka ba shi matsayi na biyu. Janar Theophilus Danjuma ya zauna a kan shugabancin sojan ƙasa.

Gaskiya dabarar ta yi aiki. Jihohi 19 da Murtala ya shelanta ran 3 ga Fabrairu suka tabbata, maganar mayar da babban birni Abuja ba a janye ta ba, alkawarin miƙa mulki ga farar hula kuma ya cika ran 1 ga Oktoba 1979, da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari. Amma a ganina sa'a muka yi. Da hafsoshin nan sun saɓa a cikin ɗakin, ba alƙali ko takarda da za a kai wa ƙara, sai bakin bindiga, alhali ko shekara bakwai ba a yi da gama yaƙin basasa ba.

Dubi Amurka. Shugabanninsu huɗu aka kashe: Lincoln a 1865, Garfield a 1881, McKinley a 1901, sai Kennedy a Dallas ran 22 ga Nuwamba 1963. Ba a cika awa uku da harbin Kennedy ba, sai wata alƙaliya ta rantsar da mataimakinsa Lyndon Johnson a cikin jirgin sama, matar mamacin tana tsaye a gefe da jini a tufafinta. Ba a kira taro don a zaɓi kowa ba, domin tun ranar zaɓe aka san magajin. Duk wanda ya taɓa aikin dare a masaƙa ya san wannan ƙa'ida: sunan mai karɓar inji yana rubuce tun kafin a busa tashi, ba sai zare ya tsinke ake neman wanda zai tsaya ba.

Wannan tsari na Amurka ne Nijeriya ta ara a 1979, bisa aikin kwamitin da Murtala da kansa ya kafa ƙarƙashin Rotimi Williams. A tsarin mulkin 1999 da muke kai yau, sashe na 146 ya ce idan shugaba ya rasu, ko ya sauka, ko aka tsige shi, mataimakinsa ne shugaba. Idan dukansu biyu ba su, shugaban Majalisar Dattawa zai riƙa, amma kada ya wuce wata uku ba a yi sabon zaɓe ba.

Doka ma takan bar kafa. Da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda cikin Nuwamba 2009 bai bar wa majalisa wasiƙar miƙa riƙo ba, sai ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san mai sa hannu a takarda ba, har majalisa ta fake da larura ta ba mataimakinsa Goodluck Jonathan riƙo ran 9 ga Fabrairu 2010. Daga baya aka gyara dokar, aka sa wa'adin kwana 21 na miƙa wannan wasiƙa. Amma da Umaru ya rasu ran 5 ga Mayu, ba a yi wata gardama ba, washegari aka rantsar da Jonathan.

Saboda haka, ya kai mai ƙuri'a, idan an manna fosta a bangon kamfaninku, kada ka tsaya a kan babban hoton. Ƙaramin da ke gefe, wato mataimaki, shi ma kai kake zaɓensa, kuma sau da yawa ba don ya iya aiki aka ɗauko shi ba, sai don a faranta wa wani yanki ko wani ubangida. Tambayi wane ne shi, me ya taɓa riƙewa. Haka dokar take ga gwamnoni, a sashe na 191. A Kaduna, rasuwar Gwamna Patrick Yakowa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu cikin Disamba 2012 ce ta ɗora mataimakinsa Mukhtar Ramalan Yero. A nan Kano kuwa, da Gwamna Abubakar Rimi ya ajiye mulki a 1983 bayan ya koma jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ne ya shiga gidan gwamnati ya ƙarasa wa'adin.