Darasin Tattalin Gida da Shirin Kama Aiki

Jama'a, cikin darussan sakandare akwai wanda ake yi wa kallon cikon benci, wato darasin tattalin gida: girki, ɗinki da kula da iyali. Alhali tun da aka soma aiki da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, manufar hukuma ita ce yaro ya bar makaranta da abin yi a hannunsa. A 2011 kuma hukumar tsara manhajar karatu ta NERDC ta fito da sabuwar manhajar babbar sakandare, wadda ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar sana'a guda, kamar ɗinki, rini ko dafa abincin sayarwa. Niyya ta yi kyau. Sai dai iya sana'a daban, iya zaman wurin aiki daban.

Ku tambayi mai shagon ɗinki ko mai gidan abinci abin da ke sa ya sallami yaro. Da wuya ya ce rashin gwaninta, gama wannan a hankali ake samunta. Abin da zai lissafa muku shi ne makara, ƙazanta, ɓarnar kaya da ɗaure wa mai saye fuska. To, duk waɗannan ana iya gyara su tun a aji, in malami ya tafiyar da ranar gwaji kamar ranar kasuwa.

A ce yau cincin za a yi. Kafin a kunna risho, a duba farce, a ɗaura ɗankwali ko hula, a wanke hannu da sabulu. Sa'an nan kowace ƙungiya ta rubuta kuɗin mudun fulawa, da sukari, da man gyaɗa, da kananzir, har ledar ƙulli, wadda ita aka fi mantawa. In an kwashe daga wuta, a ƙirga ƙulli nawa aka samu, a raba, a ga nawa kowanne ya tashi, nawa za a sayar. Wannan ɗan lissafin ne ke raba riba da uwar kuɗi, kuma rashinsa ya cinye jarin masu sana'ar cikin gida da yawa, ga ciniki ana yi amma kuɗi ba sa taruwa. A sa wani awo, wani riƙe kuɗi, wani tarbar mai saye da "sannu da zuwa, me za a kawo?" Mako mai zuwa a juya.

A ɗinki kuwa, a yanka ranar karɓar kaya, wanda ya saɓa a rage masa maki. Kowa ya san abin da alkawarin tela ke jawowa ranar jajiberin salla.

Kada kuma iyaye su ce wannan karatun 'yan mata ne. Teloli da masu shayi da kuku-kukun otal, ai yawancinsu maza ne. Shugabannin makarantu su ma da nasu aikin: su nemi izinin wani shago ko gidan burodi na kusa, a kai ɗalibai su wuni can sau ɗaya a zango, su ga ƙarfe nawa ake buɗewa da wanda ke share wurin.